Keken da Yayata ta Tura

A gidanmu an daɗe ba a gane aikin Yaya ba. In baƙi suka tambayi Umma me babbar 'yarta take yi, sai ta ce, "Tana kamfanin kwamfuta," ta yi maza ta sako wata maganar, don tana jin nauyin a ce mace mai digiri wasa take haɗawa. Ni ce ƙanwarta, malamar makaranta, kuma ni ce kaɗai a gidan nake buga wasannin da take yi, saboda haka ni ce nake shan tambaya.

Aikinta shi ne motsi. A wasan bidiyo akwai masu zana mutane da dabbobi, akwai masu sa kiɗa, akwai masu shirya hanyoyin da za a bi. Ita kuwa ita ce take yanke yadda abu zai motsa in ka danna madanni: tsawon tsallen da zai yi, saurin faɗowarsa, ko zai zame in ya dira ko zai tsaya cak. Abokan aikinta Mai Tsalle suke ce mata. Tun muna yara haka take. Za ta zauna a tsakar gida ta zuba wa kyanwa ido tana hawa katanga, Umma tana kira ba ta ji, sai an dafa ta ta ce, "Kun ga sai da ta lanƙwashe ƙafafun baya tukuna?"

Kamfaninsu ƙarami ne, a saman wani shagon sayar da tayoyi. Ɗaki ne dogo mai fankoki, wayoyi sun sarƙe a ƙarƙashin tebura, warin roba yana hawowa daga ƙasa in rana ta take. Ƙananan wasanni suke yi na waya. Wanda ya fi karɓuwa shi ne na wata akuya mai tsallake rufin gidaje tana satar wanki. Babu labari a ciki. Akuya ce kawai, da rufi, da igiyar shanya. Amma na sha ganin manyan mutane a layin banki da cikin bas sun dukufa a kansa, suna cije leɓe.

A ofishin ta haɗu da mijinta. Mai gyaran wutar lantarki ne, aka kira shi ranar da wata waya ta fara hayaƙi. Ya leƙa ƙarƙashin teburinta, ya ɗago kai ya ce, "Baiwar Allah, wa kika yi wa laifi ya haɗa miki wannan?" Ta ce ita ta haɗa da kanta. Ya ce to lallai tana da tsawon rai. Daga nan ta sa masa suna Injiniya don tsokana, sunan ya bi shi har cikin danginmu. Mutum ne wanda in ya shigo ɗaki sai an yi dariya, ko da makoki ake. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙorafi a gaban mutane ba.

Ciwon ƙoda ne ya kama shi. Da farko ƙafafu suka kumbura, daga baya aka fara kai shi wankin ƙoda a kai a kai. Da tafiya ta gagara, Yaya ta samo keken marasa lafiya na hannu, tsoho, wanda taya ɗaya take janye shi hagu. Ita take tura shi daga bakin titi, ta haye gangaren ƙofar asibiti, ta bi dogon baranda zuwa ɗakin na'urorin. Shi kuwa ko a kan gado yake, da allurai a hannu, sai ya riƙa kallon wayoyin na'urar yana ce wa nas, "Wanda ya haɗa muku wannan ɗan'uwan matata ne, na gane hannun." Haka aka yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu da hantsi, ranar wata Laraba, Yaya tana gefensa.

Ta koma aiki da wuri. A gida kowa haƙuri yake ba ta, kuma da ta fara ambaton sunansa sai a ce, "Ki daina tunawa, addu'a yake buƙata." Da kyakkyawar niyya muke faɗa. Sai ta daina ambatonsa.

A wannan tsakanin ne wani babban kamfani na ƙasar waje ya fitar da wasan da ya girgiza sana'arsu. Ba irin na tsalle da tsere ba ne. Labari ne mai tsawo kamar fim, mutanen cikinsa suna magana da numfashi kamar masu rai, kuma ƙarshensa baƙin ciki ne. Mutane suka riƙa ɗaukar kansu a bidiyo suna hawaye bayan sun gama. Jaridu suka ce yanzu ne wasan bidiyo ya girma, ya zama abin manya. Duk wani taro da aka je, maganar ke nan: kowa ya bi sahun wannan kamfani ko a bar shi a baya.

Ofishin su Yaya ya rabu biyu. Wasu suna cewa sun gaji da a raina su, suna son su yi abin da iyayensu za su gani su girmama. Wasu suna cewa mai son kuka ya je ya kalli fim, su aikinsu ɗebe wa mutane kewa ne. Mai kamfanin ya saurari kowa, sannan ya ɗauko wani darakta da ya yi shekaru a harkar fim, ya ce shi zai ja ragamar sabon wasa.

Ba zan zalunci Darakta ba. Mutum ne mai natsuwa, mai ladabi, kuma ya yi imani da abin da yake faɗa. A taronsu na farko ya ce, "Mutum yana riƙe da wasanku sa'o'i a hannunsa. Babu marubucin littafi ko mai fim da yake samun wannan kusancin. Me kuke gaya masa a cikin sa'o'in nan? Akuya ta saci zane?" Aka yi dariya, amma maganar ta zauna a zuciyar da yawansu.

Ya yi makonni yana neman labari bai samu wanda ya gamsar da shi ba. Sai wani ya ba shi labarin Yaya. Darakta ya same ta a wajen shan shayi, ya nemi izini ya zauna, ya ce, "Na ji abin da ya same ki. Allah ya jiƙansa. In ba za ki damu ba, wane irin mutum ne?"

Daga baya ta ce mini, "Kin san tun da ya rasu babu wanda ya yi mini wannan tambayar?" A ranar ta yi ta ba shi labarin mijinta har shayin ya huce. Da ta gama ya ce wannan shi ne wasan, in ta yarda. Ya ba ta lokaci ta yi tunani. Ni na ce kada ta yarda. Umma ta ce ciwo da mutuwa ba abin wasa ba ne. Yaya ta ce, "Ku kun ce in yi shiru, shi ya ce in yi magana." Ta yarda.

Wasan mai sauƙin faɗa ne. Kai ne matar, kana tura mijinka a keke daga gida zuwa asibiti, kuna hira a hanya. Kowace tafiya jikinsa yana ƙara rauni, hirar tana ƙara gajarta. Yaya ta ɗauko ainihin keken daga ɗakin ajiya ta hau da shi bene. Ta riƙa zaunar da abokan aikinta a kai tana tura su a tsakanin tebura, ta koma kwamfuta ta gyara, ta sake dawowa. Ta sa wa keken wasan wannan janyewar ta hagu, yadda dole ɗan yatsanka ya riƙa gyara hanya ba hutawa. Ta sa ya yi nauyi a gangare har ka ji kamar kafaɗarka ce take ja. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a tafiye-tafiyen ƙarshe ta sa keken ya yi sauƙin turawa, saboda mutumin ya rame. Babu inda aka faɗa da baki. A hannu kake ji.

Aka kawo ɗan wasan kwaikwayo ya ɗauki muryar mijin. Yaya takan zauna a bayan gilashi tana saurare, ta ce, "Ba haka yake tari ba, daga ƙirji yake fitowa." A sake. Ta dawo gida idanu jawur, ta zauna da takalmi a ƙafa. Ta rame har Umma ta fara aika ni da abinci ofis. Amma in na ce ta bari, sai ta ce ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Sau biyu suka yi saɓani mai zafi da Darakta. Na farko a kan barkwancin Injiniya ne. Ta rubuta su da yawa, har da na wayoyin na'ura da na wata nas da yake ce wa sajan. Darakta ya riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "In mai wasa ya yi dariya a nan, nauyin da muka tara ya zube. Ki dubi wancan babban wasan, ko murmushi babu a rabinsa na ƙarshe." Ta ce, "Ai su ba su san mijina ba." Ya ce, "Masu saye ma ba su san shi ba, kuma sun riga sun san irin abin da suke jira." Mai kamfanin ya goyi bayan Darakta. Aka bar guda biyu a farkon wasan, sauran aka zubar.

Na biyu a kan ƙarshe ne. Darakta yana so in an zo ɗakin da mijin zai cika, a karɓe wasan daga hannun mai bugawa, ya zauna yana kallo kawai, duk abin da ya danna babu amsa. Ya ce haka mutuwa take, ba ka da abin yi.

Yaya ta miƙe tsaye, abin da ba ta saba yi a taro ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa jinya?"

Ya ce bai taɓa ba.

Ta ce, "To, ba a zama. Ina jiƙa masa leɓe da auduga. Ina juya matashi ta wajen sanyi. Ina gyara masa mayafi, ya zame, in sake gyarawa. Na san ba za su hana komai ba, amma hannuna bai tsaya ba har aka ce in matsa. In kun karɓe hannun mutum a wannan wurin, fim kuka yi, ku kai shi sinima."

Daga ƙarshe Darakta ya ce ta yi yadda ta faɗa. Haka wasan ya fita. A ɗakin ƙarshe kana iya jiƙa leɓe, ka juya matashi, ka gyara mayafi, iya yadda kake so, har numfashin ya tsaya.

Wasan ya karɓu fiye da zaton kowa. Aka ba su lambar yabo, aka gayyaci Darakta da Yaya taruka. Umma ta fara ce wa baƙi, "Ita ce ta yi wannan na asibitin." Saƙonni suka riƙa zuwa daga mutanen da suka yi jinya, wata ta ce ita ma keken mahaifinta hagu yake ja, wani ya ce ya ajiye wayar a tsakiya ya kasa ci gaba amma ya gode. Yaya ta karanta su duka, ta amsa waɗanda ta iya.

Sai dai abin ya zo da nasa. Aka rufe wasan akuya, aka ce bai dace da sabuwar fuskar kamfani ba. Mai zanen da ya ƙirƙiri akuyar ya tattara kayansa ya tafi, saboda hannunsa bai iya zana baƙin ciki ba. Mutanen da ba ta taɓa gani ba suka riƙa tare ta a taro suna tambayar ko da gaske haka mijinta ya faɗa kafin ya cika. Wata rana da yamma na same ta tana kallon wani saurayi a intanet yana buga wasan, yana cin abinci yana surutu da masu kallonsa. Ya juya keken ya nufi matakala, yana son ya ga ko za a iya tunkuɗa mutumin ƙasa. Bai yiwu ba, Yaya ta riga ta toshe wannan hanyar. Amma ya yi ta gwadawa yana ƙyalƙyata dariya. Na kai hannu zan kashe, ta riƙe ni ta ce, "Bar shi. Wasa muka ce masa, shi kuma ya yi wasa."

Abin da ya sauya ta ba wannan ba ne. Surukarta ce, mahaifiyar Injiniya, wadda muke kira Inna. Tsohuwa ce mai ƙarancin magana, tana zaune wajen ɗanta na biyu. Jikoki suka gaya mata an sa ɗanta a cikin waya, sai ta aiko tana son gani. Muka je ni da Yaya wata Asabar da safe. Aka haɗa wasan da talabijin, Yaya ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta tana bugawa, Inna ta gyara tabarau.

Ta kalla tun daga farko har ƙarshe. Da allon ya yi baƙi, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta.

Ta ce, "Kin sha wahala, 'yata. Na ga keken, shi ne. Na ga hannunki. Allah ya saka miki."

Yaya ta ce, "Amin, Inna."

Ta ce, "Mutumin nan kuma bawan Allah ne, na tausaya masa. Amma ban san shi ba."

Yaya ta ɗago kai.

Inna ta ce, "Nawa ɗan, ranar da na je duba shi na ƙarshe, cewa ya yi in daina kuka ina jiƙa masa gado, likita zai zaci shi ne ya yi. Har masu jinyar gadon kusa sai da suka dara. Ina wannan?"

Yaya ta ce, "An cire, Inna."

"Wa ya cire?"

"Mu."

Inna ta gyaɗa kai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a kawo mana ruwa, ta tambayi lafiyar Umma. A hanyar dawowa Yaya ta tsayar da mai tasi tun ba mu iso ba, muka ƙarasa da ƙafa. Ta ce mini, "Mutanen da suka san shi 'yan kaɗan ne, kuma suna tsufa. Waɗanda suka san na cikin wayar ba su ƙirguwa. Nan gaba wancan ne zai rage."

Ta nemi a mayar da abubuwan da aka cire. Aka ce muryar ba a ɗauka ba, ɗan wasan ya kama wani aiki, kuma wasan da ya ci lamba ba a taɓa shi. Da Darakta ya zo da maganar wasa na biyu, mai nauyi kamar na farko, ta ce za ta yi masa motsi in yana so, amma ba za ta sake ba da labari ba. Ba ta yi fushi da shi ba. Ta ce shi bai yi mata ƙarya ba ko sau ɗaya, ita ce ta sa hannu. Abu ɗaya ta roƙi mai kamfanin: ya bar wa masu son ƙananan wasanni kusurwa ɗaya a ofis. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya ba su ɗan ɗakin da ake ajiye kwalaye. Ta kira mai zanen da ya tafi, ya ce ya riga ya zauna a inda yake.

Na taɓa raka ta wata jami'a inda aka gayyace ta ta yi wa ɗalibai magana. Wata ɗaliba ta tambaye ta ko tana ganin ya kamata duk masu yin wasa su bi hanyar wancan babban kamfani. Yaya ta ce, "Sun yi abu mai kyau, kuma ba don su ba da ba a taɓa barina na yi nawa ba. Wannan ba zan musa ba. Amma su labarinsu suka bayar, da irin muryarsu. Mu da muka zo bayansu sai muka ɗauki muryar muka auna mutanenmu da ita, abin da ya yi tsawo muka datse. Ni mijina na datse. In za ku ba da labari ku bayar, in ba ku da shi kada ku ji kunya. Mai jiran likita ma yana son abin da zai sa ya manta inda yake." Ɗalibar ta rubuta. Ban san abin da ta ɗauka a ciki ba.

Inna ta rasu bayan 'yan shekaru. Darakta ya yi wasa na biyu da na uku, ɗaya ya karɓu ɗaya ya faɗi, daga nan ya koma fim. Har yanzu suna gaisawa da Yaya. Kamfanin ya tashi daga saman shagon tayoyi ya koma wani gini mai lif, kuma yana yin iri biyun duka, gwargwadon abin da kasuwa ta nema a shekarar.

Yaya yanzu furfura ta fito mata, gwiwa tana damunta, tana sa tabarau biyu, na karatu da na kwamfuta. Yawancin aikinta koyar da sababbin ma'aikata ne. Gardamar ba ta mutu ba, kowane sabon zubi sai sun tayar da ita a wajen cin abincin rana, da zafi, kamar su suka fara. Ita takan ci abincinta tana saurare. Kwanan baya ta ba ni labarin wani sabon ma'aikaci da ya matsa mata sai ta faɗi ɓangaren da take. Ta ce masa, "Je ka gyara ƙafar jiminar wasan nan naka tukuna, tana gudu kamar mai ciwon baya. In ka gama ka dawo mu yi magana."

Na ce, "Ya dawo?"

Ta ce, "Yana kan ƙafar har yanzu."